Kwana Sittin da Uku

Ranar albashi ce a Kakuri.
Mun wanke baƙin mai da omo da yashi,
Jatau ya ja mini hannun riga:
"Rumfar Maman Kande, yau Oga ne zai biya."
Na bi su. Ƙafa ta san hanya
ko da zuciya ta ƙi.

Kujerata na nan, ta roba, mai karyayyen hannu,
shekara tara tana ɗaukar nauyina.
Aka jera kwalabe suna zufa.
Na ce a ba ni zoɓo.

Dariya ta ɓarke har mai gasa kifi ya waigo.
"Tanimu ya zama liman!"
"Ina! Uwargida ce ta ja linzami."
Oga Barau bai dara ba.
Ya turo kwalba gabana da yatsa ɗaya:
"Wanda ba ya sha da ni, ban san cikinsa ba.
Foman zai yi ritaya watan gobe, ka sani."

Na sani.
Na kuma san asubar da na farka
a bakin kwata, ƙofar gidanmu,
takalmi ɗaya, aljihu wayam,
kuɗin jarrabawar Asabe sun bi ruwa.
Ba ta yi kuka ba.
Buta ta kawo, ta ce, "Baba, shiga ciki,
ƙawayena sun kusa wucewa."
Wannan ta fi mini zafi
da hoton hantar da likita ya zagaye da jan biro.

Maƙogwaro na roƙo, ba zan ɓoye ba.
Hannun hagu na rawa ƙarƙashin tebur,
na matse shi tsakanin gwiwoyi.
Da na dama na mayar da kwalbar,
yatsa ɗaya, yadda ta zo.
"Oga, injin da na gyara da safe yana juyawa.
Can cikina yake."

Janareto kaɗai ya amsa.

Na biya zoɓona, na tari keke zuwa Tudun Wada.
A kan gada waya ta yi ƙara, saƙon Jatau:
"Kai, yaya ka yi? Kar ka faɗa wa kowa na tambaya."

Ban amsa ba tukuna.
A bayan ƙofar ɗaki akwai layukan alli.
Asabe ta shinshina numfashina, ba kunya,
sannan ta ƙara ɗaya.