Farashin Ƙashin Baya

Shekara goma sha tara ina cikin tumbin jirgi,
can ƙasa, inda rana ba ta san hanya ba.
Ina shayar da inji mai, shi yana shan gumina.
Ni ne Dionisio Tabujara, mutumin Guimaras,
tsibirin da mangwaronsa ke ba zuma kunya.
Ni kam a hoto nake ganin nunarsa.

Tsakanin Busan da Vancouver
igiyar ruwa ta ɗaga mu, ta sake mu.
Ina rungume da murfin famfo mai nauyin ɗan maraƙi,
sai na ji ƙas! a gindin bayana,
kamar an taka busasshen reshe.
Kyaftin ya rubuta a littafinsa: ciwon baya.
Kalma biyu.
Ya ba ni ƙwaya fara, ya koma sama.

Aka sauke ni Manila kamar kayan da aka fasa saye.
Yarjejeniya ta ce kwana uku:
ka kai kanka gaban likitan kamfani,
in ka wuce, haƙƙinka ya bi ruwa.
Ban je gida ba.
Luzviminda ta yanka kazar tarbata,
maƙwabta suka sha romon.

Kwana ɗari da ashirin, in ji takarda,
ana biyan albashin jinya.
Na kama ɗaki a bayan asibiti,
ni da fanka mai tari da wani bakanike mai ido ɗaya.
Shi yana ƙirga nasa a bango da ƙusa,
ni ina ƙirga nawa da kwalin magani.
Likita na gaishe ni da murmushi,
amma alƙalaminsa ya san mai cika masa tawada.

Ran da ya yanke hukunci bai dube ni ba.
Mataki na goma sha ɗaya, ya ce. Ɗan tauri ne kawai.
'Yata Rosalinda ta buɗe shafukan ƙarshe
tana karanto mini da yatsa:
babban yatsa yana da kuɗinsa,
ido yana da nasa, kunne ma haka,
ƙafa daga gwiwa, ƙafa daga idon sawu.
Ashe tun ranar da na sa hannu
an fede ni, an kasa, an sa wa kowane kashi farashi,
ni ina ta murna na samu aiki.

Ba ta ga layin da ya ce
mutum ya kasa ɗaura igiyar takalminsa ba.
Babu layin dare.

Likitan da muka biya da kuɗin ɗan kunnenta
ya sa ni sunkuya. Na kasa.
Ya rubuta: ba zai sake hawa jirgi ba.
Takarda biyu, baya ɗaya.
Sai a nemi na uku ya raba gardama,
in kamfani ya ga damar amsa wasiƙa.

Wakilinsu ya zo da ceki da biro mai kyalli.
Ƙwai a baka, ya ce, ya fi kaza a akurki.
Sa hannu nan, ka yafe saura.
Na dubi sifirin, na ƙirga su sau biyu,
na tuna rufin ɗakinmu da guguwa ta yaye,
na tuna kuɗin makarantar Rosalinda.
Hannuna ya ɗauki biron da kansa.
Luzviminda ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.
Na ajiye.

Yau wata bakwai ke nan shari'a na tafiyar hawainiya.
Da yamma nakan zauna bakin gaɓa a kujerar roba,
manyan jirage na wucewa can nesa,
ina gane lafiyar injinsu daga launin hayaƙi.
Jiya jikana ya sheƙo a guje, hannuwa sama,
yana cewa ɗauke ni.
Kilo sha ɗaya ne, uwarsa ta auna shi.

Na ce masa hau kujera tukuna,
sai mu yi tsawo ɗaya.