Awon Ƙirji

Ni ce Tsahara tela, ta bayan kasuwar Tawa.
Shekara ashirin da igiyar awo a wuyana
ina auna ƙirjin matan unguwa.
Na san na amarya, na san na mai goyo,
nawa ne kaɗai ban taɓa kulawa ba.

Wata Laraba, ina wanka,
yatsana ya ci karo da shi:
ɗan ƙullutu kamar ƙwallon magarya,
ba zafi, ba ƙaiƙayi,
ya yi lamo kamar baƙon da ya san ba a gayyace shi ba.
Wata huɗu ina ɗaura zane a kansa.

Don na tuna Inna Igge, ƙanwar babanmu.
Daji aka ce da nata, shi ma a raɗa.
An jiƙa saiwa, an ɗaura ganye, an yi turare,
har ɗakinta ya zama sai mai ƙarfin hali.
Ba ta ga damina ta biyu ba.

Hinda, ɗiyata, ita ta ja ni asibiti.
Suka tsinki tsoka, ba ta kai ƙyallen aljihu ba,
amsa ta dawo da sunan da nake gudu.

Motar asuba: Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai,
duk bayan kwana ashirin da ɗaya.
Jan ruwa na ɗiga cikin jijiya,
bakina kamar na tsotsi tsohuwar dala.
Fura ta daina zama fura.
Tumaki biyu suka tafi, ƴan kunnen aure suka bi su,
keken ɗinki ne na ce a'a.
Gashina ya bi matashi, ya bi tsintsiya.
Ran Juma'a mai kitsona ta zo yadda ta saba,
ta zauna, ta rasa abin kamawa,
sai ta shafe mini kai da man kaɗe.
Muka yi dariya har da hawaye,
ban tambayi hawayen na mene ne ba.

Na hagu suka cire.
Na duba ɗinkin a madubi da idon sana'a:
layi ya miƙe, bakin zare ya ɓuya.
Na ce, Likita Zara'u, da kin zo shagona
da na ɗauke ki aiki.

Ita ta ce mini, a da mai neman gashi
sai ya ƙetare iyaka, da fasfo, da kuɗin gona.
Yanzu ga na'urar nan kusa da kogi.
Wani yaro ya zana mini ƙirji da alƙalami
yadda nake zana shadda da alli.
Kar ki motsa, Inna.
Ƙarfe ya kewaya ni, ba wuta, ba hayaƙi,
na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai, an gama.
Haka har sati biyar.
Na ce, Igge, da kin jira,
amma wa ke jira da kansa?

Yau ƙwaya ɗaya kowace safiya.
Shekara biyar, in ji su. Na cinye biyu.
Hannun hagu na kumbura in na ɗauki bokiti.
Duk wata shida, kafin hoto, barci na ƙaura.
Ba su ce ya tafi har abada ba,
cewa suka yi ba su gan shi ba.
Na karɓa hannu biyu.

Na ɗinka wa gurbin ɗan matashi na auduga,
na zuba gero kaɗan don ya yi nauyi,
riga ta zauna daidai.
Mata uku sun zo bayan isha, sun ce a yi musu irinsa.

Yanzu in na zagaya igiya a ƙirjin mace
nakan rage murya: yaushe rabonki da taɓawa?
Wasu su yi dariya, wasu su ɗaure fuska.
Jiya Balkisa mai waina ta yi shiru,
ta kama hannuna, ta ɗora a wurin.

Na ajiye igiyar.
Ɗinkin sallarki zai jira, na ce.
Ɗauko mayafinki.