Bait Sittin da Huɗu

Ƙarfe huɗu na yamma, duhu ya riga ya rufe Aarhus.
Raɓa ta daskare a kan kekunan ƙofar ofis,
Solvej Thygesen ba ta tashi ba.
A gabanta ga na'urar jin magana,
ba ta fi ƙwayar gurjiya ba,
batirinta kamar maɓallin riga.

Aikinta ɗaya ne:
kada sauti ya makara.
In leɓe ya motsa, murya ta tsaya ɗaure takalmi,
mai ji sai ya ga kamar daga rijiya ake kiransa.

Ta ƙirga.
Kowane ƙunshin sauti bait saba'in da biyu ne.
Masarrafi kuwa sittin da huɗu hannunsa ke ɗauka,
ko za ka yi masa kuka.
Takwas ɗin da suka rage sai ya koma rumbu ya kwaso,
sawu biyu a kan kaya ɗaya,
sau dubbai kafin ka ƙifta ido.

Ta kwance ƙunshin ta leƙa.
Ga wata 'yar alama, e ko a'a, bait ɗaya tal,
bayanta gurbi bakwai, ba kowa,
don babbar lamba ba ta zama sai a kan iyaka.
Can ƙasa ga wata alamar, ga wani kangon.
Wane ne ya zuba su haka, yadda suka faɗo masa a rai?
Ta duba saman fayil.
Sunanta ne. Shekara shida ke nan.

Babanta, Preben,
shekara talatin ya yi a masana'antar kifin gwangwani a Skagen.
Kai a wutsiya, wutsiya a kai,
babban yatsa ya danna, ba ya ko dubawa.
Yakan ce: ba a sayar wa mutum iska, Solvej,
kada ki rufe murfi a kan gurbi.
Ƙarar injinan can ce ta cinye masa kunnuwa,
na hagu da fari, na dama a hankali.

Ta ja manyan lambobi gaba,
ta kora ƙananan baya, ta haɗa alamomin biyu kafaɗa da kafaɗa.
Ba ta goge komai ba, ba ta ƙara ba.
Wurin zama kawai ta sauya musu.

Sittin da huɗu.

Layin awo a kan allo ya sauko
kamar kafaɗar wanda aka sauke wa kaya.
Ta sake gwadawa, don ba ta yarda da murnar farko ba.
Ta sake.
Kofinta ya huce, Troels ya tafi ɗauko yara,
mai shara ce kaɗai ta ji ta ce, yawwa.

Ran Lahadi ta hau jirgin ƙasa zuwa arewa.
Na'urar da ke kunnen Preben tsohuwar ƙira ce,
wannan gyaran ba zai taɓa isa gare ta ba.
Sau biyu ta faɗa masa abin da ta yi,
ya gyaɗa kai irin na wanda bai ji ba.

Ya ɓalle gwangwani don abincin rana,
ya daɗe yana kallon ciki,
sannan ya nuna mata wani gefe da bakin wuƙa.
Duba nan, ya ce.
Da kifi ɗaya ya shiga.