Darasin Dare a Kwarin Elki

A kwarin Elki na ƙasar Chile, bayan gonar inabi,
Hermelinda ta ce wa jikanta Baltasar:

Fitar da madubin tun magariba,
ya sha sanyin dutse yadda ka sha.
Gilashin da ya fito daga ɗumin ɗaki
rawa yake sa taurari.

Kashe wayar nan.
Ido ma sai an lallashe shi,
minti ashirin cikin duhu.
In ya zama dole, ɗaura jan ƙyalle a bakin tocila.

Kada ka jira wata ya cika.
Cikakken wata sarkin surutu ne, ba ya barin kowa magana.
Same shi yana rabi,
a bakin inuwa ramukansa ke fitowa.

Danna ƙafafun ukun cikin ƙasa.
Kau da numfashinka, yana rufe gilashi da hazo.

Tauraron da ya dushe kuwa,
kada ka zuba masa ido.
Kalli gefensa, kamar mai kunyar suruki,
zai fito.

Baltasar ya duƙa, ya daɗe shiru.
Can ya ce, “Kaka, wannan da zobe a ƙugunsa.”
Ta ƙara masa shayi,
ta gyara masa bargo.