Huɗu da Goma

Na sayo shi kwance a Ƙofar Ruwa,
tsatsa har wuya, mai adaidaita sahu na mitar nauyi.
A zaurenmu na Yakasai na kafa masa teburi,
katakon maɗaci, noti huɗu.
Na ɗora kofin ruwa a kai, ruwan ya karkata gabas.
Sai da na cusa murfin gwangwani ƙarƙashin ƙafa ɗaya
sannan ya kwanta daidai.

Tanimu makaniki ya zo duba min.
Bai yi wa'azi ba,
hannun dama kawai ya buɗe, na ƙirga:
huɗu.

Tun ranar, babbar riga a ƙusa take jira na,
zobe da carbi cikin aljihunta.
Tabarau a ido, ko da zufa na cika shi.
Makullin damƙa kuwa, hannuna ba ya sakinsa
sai ya bar bakin injin.

Ƙarfe na juyawa, aska na lasa,
ɓawo na zubowa a murɗe, shuɗi don zafi.
Kyansa na kiran yatsa.
Buroshi nake aika masa, bayan komai ya tsaya cak.

In an ɗauke wuta, kafin in ja tsaki
sai na kashe makunni,
don ba ta sallama in za ta dawo.

Jiya na fere ɗan ƙarfe
na hannun injin taliyar Ladidi, da ya karye tun azumi.
Ta juya, ta juya, ta ce,
"Ashe ba ƙara kaɗai kake mana ba."
Na wanke hannu, na ƙirga:
goma.