Tsuntsun Roker

Wata uku ina ɗaukar tsuntsun nan.
Kullum yana kusurwar hagu, sama da hasumiyar fitila,
ba ya fiffika, ba ya sauka,
ko da iska ta kaɗa tekun Sunderland har ya yi kumfa.
Sai da na gan shi a goshin Suwaiba
a hoton ranar da ta karɓi digiri,
na ce, ashe ba tsuntsu ba ne.

Gareth mai shagon kyamara ya leƙa,
ya ce fam arba'in da biyar, in dawo bayan mako biyu.
Awa huɗu ke nan na tsayuwa a bakin tanda
a gidan burodin da nake kwana.
Na yi godiya. Na sayi tsinken gogewa,
da 'yar kwalba, da ƙaramin zuga-zugi na roba.

Lahadi da hantsi
na saki ruwan zafi a banɗaki har tururi ya rufe ni,
na jira ya kwanta, ya kwantar da ƙura tare da shi.
Na tuɓe rigar sanyi mai gashi.
Na wanke hannu har gwiwa, kamar mai alwala.
Batir cike, don in ya mutu ana tsaka da aiki
madubi zai faɗo a kan tsinken.

Na kwance gilashi. Madubi ya ɗage.
Ga ta can ciki, 'yar taga mai kore-kore,
da kaɗan ta fi kan sarki,
amma ta nan ƙanƙarar farko da na gani ta wuce,
ta nan jikana ya fara tafiya.

Na kifa kyamarar, bakinta ƙasa.
Fuf. Fuf. Fuf.
Bakina ya so ya taya, na cije leɓe:
numfashin mutum ba ya zuwa shi kaɗai,
da yawu yake tafe.

Na tsuke ƙofar haske, na ɗauki farin bango.
Saura biyu, sun kafe.
Garin fulawa ne, na sani.
Sau nawa na sauya gilashi a mota bayan tashi aiki,
hannun riga fari fat,
don alfijir ba ya jiran mai kaɗe jiki.
Hakin da ka raina.

Ɗigo biyu a bakin tsinke, ba uku ba.
Na ƙirga goma.
Hannun da ke ɗaga buhu ba ya nishi
yau shi ke rawa.
Daga hagu zuwa dama, ja ɗaya,
juya, koma.
Na tuna Inna, yadda takan bankare mini fatar ido
ta ɗauke haki da tsinin harshenta,
tana cewa kar ka motsa, Haladu.

Na duba a kwamfuta. Saura ɗaya.
Sabon tsinke. Yana nan.
Tsinke na uku, shayina ya huce,
na fara lissafin fam arba'in da biyar.

Suwaiba ta tsaya a bayana da makullin mota a hannu.
"Baba, bangon nan fari ne tas."
Na ɗora yatsa a wurin.
Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kalli rufi."
Na kalla.
Yana can, a kusurwar hagu,
yana iyo a hankali, yana bin idona.

Ta kama mini layin likitan ido ranar Alhamis.
Laraba da asuba na koma Roker.
Hoton ya fito garau, sama wankakkiya, ba ko ɗigo.
Ni kuwa da na sauke kyamara daga fuskata,
ga shi nan bisa hasumiya,
wannan karon yana fiffika.