Jitar Jelani a Kan Teburina

Shekara talatin da ɗaya ina buɗe cikin rediyo
a wannan rumfa ta Tsohuwar Kasuwa,
ban taɓa fiɗar abu mai dogon wuya haka ba.
Jelani ya shimfiɗe ta kan tebur
kamar mai kawo ɗansa wurin wanzami.
Bes ce, in ji shi. Tsirkiya huɗu.
Gwanjo ce, ta biyo ta Illela cikin buhun takalma,
dubu arba'in da biyar, gumin kabu-kabu.

Muka jona ta da lasifika.
Tun bai taɓa ta ba ta fara ƙugi
kamar zuma ta yi gida cikin randa.
In ya dafa ƙarfe ta yi tsit,
in ya ɗaga hannu ta dawo.
Ya ce, Baba Arzika, mi ag gare ta?
Na ce, ba iska ba ne, yaro, atin ya tsinke.

Washegari ya zo da wata cikin akwati mai makulli,
aro daga situdiyon Sifiyanu na Mabera.
Kuɗinta ya sayi fili a Kwannawa, har da canji.
Sharaɗi ɗaya: a duba, kar a taɓa.
Na kwance noti huɗu, na leƙa.
Wayoyi kwance kamar kitson salla,
bango duk an lulluɓe da jan ƙarfe,
batir na zaune cikin ɗakinsa shi kaɗai.
Na koma ga ta Jelani:
taliya da aka zubar,
dalma a dunƙule kamar kashin awaki,
wanda ya liƙa ta yana sauri zuwa cin abinci.

Kunnuwanta muka fara cirewa,
maganaɗisu biyun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya
suna sauraron rawarta.
Sababbi daga Legas, kwana goma sha ɗaya a hanya,
sun ci fiye da rabin kuɗin jitar.
Mamurɗai uku, ramin jona waya,
na manna jan ƙarfe lungu-lungu har farcena ya tsage.
Aka ɗauke wuta.
Na gasa ƙarfen liƙi a garwashin mai shayi,
rana na dukan kwano, gumina na ɗiga cikin cikinta,
ina sharewa da bakin riga.

Bayan la'asar janaretan maƙwabci ya tashi.
Muka jona. Shiru.
Shirun nan shi ne ladana.
Sai ya ja tsirkiyar sama,
kwalaben da ke kanta suka amsa,
na ji abin a haƙarƙari kafin kunne.

Sannan ya ɗauki mai tsadar.
Ba zan yi ƙarya don aikina ba:
wannan rijiya ce gaba goma,
sauti ya faɗa ciki ya daɗe yana tafiya.
Tamu tulu ce, cike, mai sanyi, amma tulu.
Wuyanta har yau a karkace, zafin Sakkwato ya tanƙwara shi,
ƙarafan gefe na yankar masa yatsa.
Dalma ba ta gyaran itace.

Jelani bai ce komi ba.
Ya goge sawun yatsunsa da hula,
ya mai da ta akwati, ya kulle.
Ya rungumi tasa, ya sunkuya,
ya riƙa maimaita wani kiɗa guda, a hankali,
jini kaɗan a ɗan alinsa.

Dubu biyu suka rage, ya ce sai Laraba.
Ina tattara guntayen waya
mai goro na kusa da ni ya leƙo:
Arzika, wace tasha ta kak kamo?
Bar ta nan, kak ka murɗa.